Yadda Ake Sasanta Rikicin Wurin Aiki da Maido da Yarda Tsakanin Ma'aikata ta Hanyar Adalcin Gyaran Ɓarna

A galibin ma'aikatu, idan rikici ya ɓarke tsakanin ma'aikata, ɗayan abu biyu ne ke biyo baya. Ko dai a buɗe fayil, a ba da takardar tuhuma, a kafa kwamiti, a yanke hukunci. Ko kuma shugaba ya kira mutanen ofishinsa, ya yi musu 'yar nasiha, ya ce su yi haƙuri su gaisa, magana ta wuce. Hanya ta farko tana gano mai laifi, amma ba ta tambayar wanda aka cuta abin da yake buƙata. Ta biyu kuwa ba ta ma kai ga gano abin da ya faru. Ko wacce aka bi, washegari mutanen nan za su dawo sashe ɗaya da ƙullaci a zuci, sai zama ya koma irin na 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa: abin da a da ake faɗa da baki yanzu sai ta imel, ana sanya shugaba a kwafin kowane saƙo don a kafa hujja, wanda ya hango kuskure kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Asarar ba ƙarama ba ce. A 2021 hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta Birtaniya, Acas, ta fitar da ƙiyasin cewa rikicin wurin aiki yana cin ma'aikatun ƙasar kimanin fam biliyan 28.5 a kowace shekara, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin yana tafiya ne ta hanyar murabus da kora da neman waɗanda za su maye gurbi.

Adalcin gyaran ɓarna yana farawa da sauya tambayoyin da ake yi. Tsarin ladabtarwa yana tambayar wace doka aka karya, wa ya karya ta, kuma wane hukunci ya cancanta. Wannan tsari kuwa, kamar yadda masanin nan ɗan Amurka Howard Zehr ya daɗe yana koyarwa, tambayarsa ita ce wa aka cuta, me yake buƙata, kuma haƙƙin wa ne ya biya masa buƙatar. Ana yawan danganta farkon tsarin na zamani da abin da ya faru a garin Elmira na lardin Ontario a Kanada a 1974, inda wasu samari biyu suka yi ɓarna a wurare 22 cikin dare guda, sai jami'in sa ido kan masu laifi Mark Yantzi da abokin aikinsa Dave Worth suka ba alƙali shawarar a sa samarin su je gida-gida su fuskanci mutanen da suka cuta, su ji asarar daga bakinsu, su biya. A 1977 masanin laifuka ɗan Norway, Nils Christie, ya yi ƙorafin cewa lauyoyi da jami'ai suna ƙwace rikici daga hannun masu shi, har wanda aka cuta ya koma ɗan kallo a shari'ar da ta shafe shi. New Zealand ta shigar da irin wannan zama na haɗa mai laifi da wanda aka cuta cikin dokar yara da matasa a 1989, sannan a 1991 ɗan sanda Terry O'Connell ya tsara jerin tambayoyin gudanar da zaman a garin Wagga Wagga na Ostiraliya. Daga nan tsarin ya shiga makarantu da asibitoci da kamfanoni.

Ya kamata mai shirin bin wannan hanya ya sani tun farko cewa ta fi hukunci wahala. Zaman fuska da fuska, wanda shi ne abin da mutane suka fi ambato, ƙaramin kaso ne na aikin. Nauyin yana kan shirin da ya gabace shi da bibiyar da za ta biyo bayansa.

Mataki na farko: tantance ko lamarin ya dace da wannan hanya

Ba kowane rikici ake kawowa zaman sulhu ba, kuma kuskure a nan yana iya zama sabuwar cuta a kan ta farko. Idan lamarin duka ne, ko barazana, ko cin zarafi ta fuskar jinsi, ko satar kuɗin ma'aikata, to bincike na hukuma da dokar ƙasa su ne a gaba. Yarjejeniya mai lamba 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2019 ta tabbatar wa kowane ma'aikaci haƙƙin yin aiki ba tare da tashin hankali ko tsangwama ba, kuma ba a maye gurbin wannan kariya da zaman fahimtar juna. Idan daga baya wanda aka zalunta da kansa ya nemi ya gana da wanda ya zalunce shi, ana iya duba yiwuwar hakan bayan an kammala bincike, amma ba shugaba ne zai kawo shawarar don ya kauce wa abin kunya ba.

Lamuran da suka fi dacewa su ne cin mutunci a gaban jama'a, gulma da ta ɓata sunan wani, ɗora wa abokin aiki laifin da ba nasa ba, danne ƙoƙarin wani a kai wa shugabanni kamar na mutum ne, rashin adalci wajen rabon aiki ko hutu, da gabar da ta daɗe har ta raba sashe gida biyu.

Akwai sharuɗɗa uku da za a duba, kuma duk suna cikin ƙa'idojin da Majalisar Tattalin Arziki da Walwala ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2002 game da shirye-shiryen adalcin gyara. Ko da yake don shari'ar laifuka aka rubuta su, sun dace da ofis ƙwarai. Na ɗaya, kowa ya shiga da yardarsa, kuma yana da ikon janyewa a kowane lokaci. Na biyu, ɓangarorin su yarda da ainihin abin da ya faru. Ba lallai su yarda da dalili ko niyya ba, amma idan mutum yana cewa sam bai faɗi maganar ba, to babu abin gyarawa tukuna, bincike ake buƙata. Na uku, a lura da bambancin ƙarfi tsakanin mutanen. Wannan na ukun ya fi ko'ina tsanani a wurin aiki, domin sau da yawa ɗaya ne ke sa hannu a takardar hutun ɗayan, shi ke rubuta rahoton ƙwazonsa, shi ke ba da shawarar ƙarin girmansa. Ƙaramin ma'aikacin da aka tambaya a gaban shugabansa ko ya yarda a yi sulhu zai ce ya yarda, kuma wannan amsa ba ta da wani nauyi.

Mataki na biyu: kwantar da ƙura

Kafin a fara komai, a dakatar da ci gaban cutar. Idan zaman mutanen biyu a ɗaki ɗaya yana ƙara hura wuta, a raba su na ɗan lokaci, amma kada wanda ya kawo ƙorafi ya zama shi ake ɗauke wa tebur ba da son ransa ba, domin sauran ma'aikata za su fahimci cewa sakamakon ƙorafi ke nan. Idan ɗayan yana ƙarƙashin ɗayan, a miƙa sa hannun hutunsa da rahoton ƙwazonsa ga wani shugaban har a gama. A kuma roƙi 'yan sashen su daina tattauna maganar a zauren WhatsApp na ofis.

Mataki na uku: zaɓen mai shiga tsakani

Mai shiga tsakani ba alƙali ba ne, ba kuma mai wa'azi ba. Aikinsa ya yi tambaya, ya saurara, ya tsare ƙa'idar zama. Sharaɗinsa na farko shi ne kada ya kasance yana da iko a kan albashi ko ƙarin girman ɗaya daga cikin mutanen, saboda haka shugaban sashen da rikicin ya faru a cikinsa bai dace ba, komai kyawun halinsa. Jami'in sashen kula da ma'aikata yana iya yi idan ya sami horo, amma da sharaɗin ba shi ne zai zauna a kwamitin ladabtarwa ba idan sulhun ya rushe. A ƙaramar ma'aikata inda kowa ya san kowa, ko inda babban shugaba ne ake ƙorafi a kansa, ɗauko mutum daga waje ya fi. Ko wane ne aka zaɓa, a gabatar da sunansa ga ɓangarorin biyu, kuma kowannensu yana da damar ƙin amincewa ba tare da ya kawo dalili ba.

Mataki na huɗu: ganawa da kowa shi kaɗai

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Mai shiga tsakani zai gana da kowane ɓangare a keɓe, sau ɗaya ko fiye, a wurin da abokan aiki ba za su ga shiga da fitarsu ba. Zai fara da bayyana iyakar sirri: abin da aka faɗa ba zai shiga fayil ba, ba kuma za a kafa hujja da shi a gaban kwamiti ba, sai fa idan ya ƙunshi barazana ga lafiyar wani ko laifin da doka ta wajabta a kai rahotonsa. A faɗi wannan iyaka a sarari tun kafin mutum ya buɗe baki, domin alkawarin sirrin da aka karya daga baya yana rusa tsarin gaba ɗaya.

A ɗauki misali. A taron ƙarshen wata, shugaban sashen kuɗi ya dubi wata akanta da ke ƙarƙashinsa, a gaban mutum goma sha biyu, ya ce mata: "Ni har yau ban san yadda aka yi aka ɗauke ki aiki a nan ba." Dalili shi ne rahoton wata ya makara. Tun daga ranar ta daina magana a taro, ta nemi a canza mata sashe, abokan aiki kuma sun rabu: wasu na cewa ya wuce gona da iri, wasu na cewa ita ma ta cika ɗaukar zafi.

Da ita za a fara. Tambayoyin ba su da yawa: me ya faru, me kika ji a lokacin, ta yaya abin ya shafe ki tun daga ranar, mene ne ya fi yi miki ciwo, kuma me kike ganin zai gyara lamarin. Tambayar abin da ya fi ciwo ita ce mai fito da abin da ba a zata ba. Mai yiwuwa a ɗauka zafin kalmar ne ya dame ta, sai ta ce: "Ba maganarsa ce ta fi ƙona mini rai ba. Mutum uku a ɗakin nan sun san alƙaluman sashen saye da sayarwa ne ba su iso ba sai ana gobe taro, amma babu wanda ya ce uffan." Da wannan jawabi an gano cewa ɓarnar ta wuce mutum biyu, kuma akwai matsalar tsari a ƙarƙashinta.

Kada mai shiga tsakani ya ce mata ta yi haƙuri, kada ya tuna mata cewa shugaban nata babba ne, kada kuma ya yi mata alkawarin cewa za a ba ta haƙuri, tunda bai san ko za a bayar ba. Ya gaya mata gaskiyar abin da zaman zai iya samarwa da wanda ba zai iya ba, ya kuma tabbatar mata cewa ƙofar ƙorafi na hukuma tana nan a buɗe ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Shi kuma shugaban, tambayoyinsa su ne: me ya faru, me kake tunani a lokacin, me ka yi tunani tun daga ranar, su wa abin ya shafa kuma ta yaya, me kake ganin ya kamata ka yi. A lura cewa ba a tambayarsa don me ya yi haka. Tambayar "don me" tana jawo kare kai, mutum ya shiga jero uzuri. "Me kake tunani a lokacin" kuwa tana mayar da shi cikin ɗakin taron. Yana iya cewa: "Da safiyar ranar manajan darakta ya wanke ni tas a kan rahoton nan, na shigo taron raina a ɓace." Wannan bayani ne mai amfani, amma ba uzuri ba ne, kuma aikin mai shiga tsakani ne ya taimaka masa ya ga bambancin, misali da cewa: "Yallaɓai, na fahimci matsin da kake ciki. Da kai ne ke zaune a kujerarta, yaya za ka ji wannan kalma?"

Masanin Ostiraliya John Braithwaite ya bambanta a 1989 tsakanin kunyatarwar da ke maƙala wa mutum tambarin mugu ta kore shi daga jama'a, da wadda ke la'antar aikin amma ta bar wa mai shi hanyar dawowa. Amfanin wannan a aikace shi ne, mutumin da ya ga za a tozarta shi ba zai amsa laifi ba. Saboda haka a nuna wa shugaban cewa ba a kira shi don a ƙasƙanta shi ba, tare da cewa ba za a rage girman abin da ya yi ba. Idan bayan ganawa biyu ko uku har yanzu cewa yake ita ta jawo, to bai shirya ba, kuma haɗa su a ɗaki ɗaya zalunci ne a kanta. A dakata, ko a koma hanyar hukuma.

Mataki na biyar: su wa za su zauna, kuma a ina

Kowane ɓangare ya zo da mutum ɗaya da ya amince da shi, abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. A misalinmu, ya dace a gayyaci ɗaya ko biyu daga waɗanda suka yi shiru a taron, idan ita ta yarda, da kuma wani daga hukumar gudanarwa wanda ke da ikon sauya tsarin aiki. Mutum shida zuwa takwas sun isa. A zaɓi ɗakin da ba ofishin kowa ba ne, a jera kujeru iri ɗaya a da'ira, a kashe wayoyi, a ware aƙalla awa biyu, kuma kada a sa zaman dab da lokacin tashi.

Mataki na shida: zaman kansa

Mai shiga tsakani zai buɗe da gajeren bayani: an taru ne a kan abin da ya faru a taron ƙarshen wata, don a ji yadda ya shafi mutane, a kuma nemi gyara, ba a katse mai magana, kowa na iya neman hutu ko ya fita. Bisa tsarin da aka saba, wanda ya yi ɓarnar ne ke fara magana, domin jin ya amsa abin da ya yi da bakinsa yana sauke wa wanda aka cuta nauyin kafa hujja. Amma a tambayi wanda aka cuta tun a ganawar share fage. Idan ya fi son ya fara, a bar shi ya fara.

Bayan shugaban ya faɗi abin da ya faru, ita za ta yi magana, sannan masu rakiya, sannan sauran. Za a sami shiru mai nauyi a wasu wurare, kuma sabon mai shiga tsakani yakan yi gaggawar cike shi da magana. Kada a yi haka. Sau da yawa a ƙarshen irin wannan shirun ne mutum ke faɗin abin da ya zo da shi. Tana iya cewa: "Yallaɓai, shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinka, ban taɓa makara da rahoto ba sai wannan. Tun ranar nan, duk lokacin da na shigo ɗakin taro sai in ji kamar kowa kalmar nan yake tunawa." Idan ta gama, a juya gare shi da tambaya guda: ko akwai abin da yake so ya ce.

A nan ake gane ban-haƙuri na gaskiya da na fita kunya. "Idan ranki ya ɓaci, ki yi haƙuri" ba amsa laifi ba ne, domin ya mayar da matsalar kan ɓacin ranta. Wanda ke gyara shi ne mai ambaton aikin da sunansa, mai amsa cewa kuskure ne, wanda kuma ba a liƙa masa "amma" a wutsiya ba: "Malama, abin da na faɗa a gaban mutane ba daidai ba ne, kuma ba gaskiya ba ne. Ban tambaye ki dalilin makarar ba, na huce fushina a kanki." Idan mutum ya zame zuwa irin na farkon, mai shiga tsakani na iya tambayarsa a hankali: haƙurin me kake bayarwa takamaimai?

Wani abu da nake ganin ya kamata a tsaya a kansa da ƙarfi shi ne, ba a neman yafiya a wurin zaman. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne, yana iya bayarwa a ranar, ko bayan wata shida, ko ya ƙi bayarwa, kuma zaman na iya yin nasara ba tare da ita ba. Duk lokacin da mahalarta suka zuba wa mutum ido suna jiran ya ce ya yafe, an koma sulhun dole da aka gudo daga gare shi. Haka nan ba a tilasta musafaha ko ɗaukar hoto.

Idan murya ta ɗaga, ba laifi ba ne. Fushi yana cikin abin da aka zo ji. Abin da ake tsayarwa nan take shi ne zagi, barazana, da tono tsofaffin laifukan da ba su cikin maganar. Idan aka ga ɗayan ya daina magana yana amsa komai da "to", a ba da hutu, a gana da shi a gefe.

Mataki na bakwai: rubuta yarjejeniya

Tambayar ƙarshe ana fara yi wa wanda aka cuta: me kike so ya fito daga wannan zama? Daga amsarta ake gina yarjejeniya, kuma dole ta kasance abin da za a iya gani an yi ko ba a yi ba. "Za mu riƙa mutunta juna" ba ya aunuwa, don haka ba shi da amfani a takarda. Abin da ke da amfani shi ne irin wannan: shugaban zai janye maganarsa a taron sashe mai zuwa, a gaban mutanen da ya faɗe ta, tunda a bainar jama'a aka yi ɓarnar, duk gyaran da zai yi wa ma'aikaci daga yanzu a keɓe zai yi shi, wani shugaban ne zai rubuta rahoton ƙwazonta na wannan shekara, za a sake zama bayan mako shida. Kowane alkawari a rubuta wanda zai cika shi da ranar cikawa. Huɗu ko biyar sun isa, kuma kada nauyin ya wuce girman laifin, domin yarjejeniyar da ta koma ramuwa ba ta ɗorewa.

Sai kuma kason hukumar gudanarwa, wanda shi aka fi mantawa. Rikici kaɗan ne ke tasowa daga mugun hali zalla. Galibi akwai aikin da ba a fayyace na wane ne ba, ko ƙarancin ma'aikata, ko wa'adin da ba zai yiwu ba. A misalinmu, idan ba a sa wa sashen saye da sayarwa ranar miƙa alƙaluma ba, rahoton zai sake makara, kuma wani zai sake shan faɗa. Saboda haka wakilin hukuma shi ma ya ɗauki alkawari a rubuce, da sunansa da ranarsa, kamar kowa. Ma'aikata suna lura sosai da ko manya ma suna shiga cikin masu ɗaukar nauyi.

A kuma amince a kan abin da za a gaya wa sauran ma'aikata da wanda zai faɗa. Takardar yarjejeniyar ta zauna a hannun mahalarta da mai shiga tsakani, ba a fayil ɗin kowa ba.

Mataki na takwas: bibiya da maido da yarda a sashen

Yarda ba ta dawowa a ranar zama. Abin da zaman ke samarwa shi ne dama, yardar kuwa tana taruwa ne daga ƙananan alkawuran da aka cika a idon mutane. Don haka mai shiga tsakani ya tuntuɓi kowane ɓangare a keɓe bayan mako ɗaya ko biyu, a yi zaman bibiya a ranar da aka sa ko da ana ganin komai lafiya, sannan a sake dubawa bayan wata uku. A tambayi wanda aka cuta musamman ko akwai ramuwar gayya ta ɓoye: cire shi daga taruka, hana shi horo, ɗora masa aikin da ba kowa ke so ba, ko gaisuwar da aka daina amsawa.

Sauran 'yan sashen ma suna da nasu rauni, domin sun ga abin da ya faru, sun ɗauki ɓangare, wasu kuma suna jin kunyar shirun da suka yi. Yana da kyau a yi musu zaman da'ira na daban, inda magana ke zagayawa ɗaya bayan ɗaya, shugaba kuma ya yi magana a ƙarshe don kada ra'ayinsa ya rinjayi na ƙasa da shi. Ba za a sake buɗe shari'ar mutum biyun ba. Tambayoyin su tsaya kan sashen: yaya watannin nan suka kasance gare ku, me ke sa mutum ya kasa magana a taronmu, me za mu yi idan irin haka ta sake faruwa a gabanmu. Daga amsoshin a fitar da ƙa'idoji biyu ko uku da su da kansu suka tsara.

Wajen auna ci gaba, a yi hattara da shiru. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar cewa rukunan ma'aikatan da suka fi kyakkyawar alaƙa su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa. Ke nan idan bayan sulhu aka ga ƙananan ƙorafe-ƙorafe sun ƙaru, mutane suna cewa "na yi kuskure a nan" ko "ban yarda da wannan ba" a taro, alama ce mai kyau. Alamun da za a damu da su su ne yawan hutun rashin lafiya, neman canjin sashe, da taron da ake gamawa ba wanda ya yi tambaya.

Ma'aikatar da ke son wannan ya zama ɗabi'arta, ba maganin gaggawa kawai ba, tana iya duban abin da hukumar lafiya ta Mersey Care da ke yankin Liverpool a Ingila ta fara wajajen 2016, tare da gudummawar masanin kiyaye haɗurra Sidney Dekker. Sun sauya matakin farko da ake ɗauka idan abu ya lalace: kafin a yi maganar dakatar da ma'aikaci, sai an tambayi wa abin ya shafa, me yake buƙata, wa zai biya buƙatar, kuma mene ne a tsarin aiki ya ba da ƙofa. Binciken ladabtarwa da dakatarwa sun ragu ƙwarai a wurinsu bayan haka. A aikace, wannan na nufin a rubuta hanyar gyara cikin kundin ƙa'idojin ma'aikata, a horar da mutane kaɗan daga sassa daban-daban, a kuma shigo da ƙungiyar ƙwadago tun wajen tsarawa, domin idan ba ta ciki za ta ɗauke shi a matsayin dabarar hana ma'aikata kai ƙara.

Idan an saɓa alkawari

Wani lokaci za a zo zaman bibiya a tarar ba a cika wani abu ba. A fara da tambayar abin da ya hana, domin akwai bambanci tsakanin wanda aiki ya sha kansa ya manta da wanda ya sa hannu don kawai a rabu da shi. Na farko a sa masa sabuwar rana, sau ɗaya. Na biyu, ko wanda ya maimaita ɓarnar, a mayar da lamarinsa ga tsarin ladabtarwa, a kuma sanar da wanda aka cuta a rubuce cewa an yi hakan da ranar da aka yi. Kwamitin zai yi aiki da hujjojin da ya tattara da kansa da kuma bayanin cewa ba a cika yarjejeniya ba. Maganganun da aka yi a ɗakin zaman ba za su je gabansa ba, kuma mai shiga tsakani ba zai zama shaida a kansu ba. Idan kuwa hukumar gudanarwa ce ta kasa cika nata kason, mai shiga tsakani ya kai maganar ga wanda ke sama da wakilin da ya sa hannu, ya ba mahalarta kwafin wasiƙar.